Na hana 'yata ruwa don gudawa ta tsaya

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta wannan abu, sai in fara in goge, in sake farawa in sake gogewa, don duk sanda na iso wajen daren nan sai hannuna ya kama rawa. Yau dai nace ko me zai faru sai na ƙarasa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har na yarinyar, ku yi min uzuri.

Abin ya faro ne tun ina 'yar shekara 9. Ina da ƙane, shekararsa 2 da 'yan watanni, ni ce mai goyonsa kusan kullum. Wata safiya ya tashi da gudawa, manya suka duba bakinsa suka ce haƙori ne, zai wuce. Abin da ban manta ba shi ne yadda yake miƙa hannu wajen kofi yana kuka, Umma tana janye kofin ita ma tana hawaye, saboda an ce mata duk ruwan da ya sha ta ƙasa zai fita, a rage masa sai cikin ya ɗaure. Kwana biyu aka yi, ranar na uku ya rasu. Ba wanda ya zargi kowa, aka ce kwana ya ƙare. Ni kuma abin da na ɗauka daga ranar, na ajiye shi a raina kamar wani ilimi, shi ne mai gudawa ba a cika masa ciki da ruwa. Ban taɓa kawo wa raina cewa janye kofin nan yana da hannu a abin da ya faru ba, na ɗauka Umma ta yi daidai, ciwon ne dai ya fi ƙarfinmu.

Na girma, na yi makaranta daidai gwargwado, na yi aure, Allah ya ba ni 'ya mace. Ina faɗin batun makarantar ne don kar wani yace ai rashin karatu ne. Na iya karatu, ina da waya a hannuna, na sha jin sunan ruwan gishiri da sukari a wajen awo da rigakafi, amma a kaina abu ne da ake ba wanda ya riga ya galabaita, ban san shi ake fara bayarwa tun daga zawon farko ba.

'Yar tawa tana da wata 14 abin ya same ta. Ta fara tafiya kenan, komai ta gani a ƙasa sai ta kai baki. Da yamma naga bayan gidanta ya yi ruwa, kafin dare ta yi sau huɗu. Na duba dasashinta naga ya ɗan kumbura, nace shikenan haƙori ne, hankalina ya kwanta. Akwai ragowar Flagyl na ruwa a gida da aka taɓa rubuta wa wani yaro, na ɗauko na ba ta. Sannan na yi abin da na gani ina ƙarama, na rage mata ruwa, har nonon ma na dinga ja mata lokaci, don na lura da ta sha sai ta yi zawo, sai nake ganin kamar ni nake ƙara mata.

Washegari jikinta ya yi zafi rau. Zawon ya canza, ya daina zuwa da yawa, sai ɗan kaɗan kaɗan amma a kai a kai, da majina a ciki, tana yunƙuri tana kuka tana naɗe ƙafafu saboda murɗar ciki. Da azahar naga jini a famfas ɗin, ɗan zare zare haka. Gabana ya faɗi, na kira maigida a waya, yace in ya dawo za mu gani, shi ma ba sakaci ne ya sa shi faɗin haka ba, abin da ya sani kenan. Da ya dawo ta ɗan yi barci, muka ce to bari mu ga wayewar gari. Wannan kalma ta bari mu ga wayewar gari, wallahi har yau in na ji wani ya faɗe ta a kan yaro mara lafiya sai tsikar jikina ta tashi.

Rana ta uku ita ce ta yaudare ni. Ta daina kuka. Ta kwanta shiru, famfas ɗinta a bushe tun safe, har nace wa maƙwabciyata alhamdulillah da sauƙi, maganin ya fara aiki. Ashe fitsari ne ya ɗauke saboda babu ruwa a jikinta, kukan ma ƙarfin yinsa ne babu. Na ga idonta ya faɗa, na ga maɗigarta ta lotsa, na ga leɓenta ya bushe, duk na gani da idona amma na fassara su da rama ta ciwo. Sai wajen ƙarfe 11 na dare na ɗauke ta in ba ta nono ta kasa kamawa, kanta ya langaɓe a hannuna, tafin ƙafarta sanyi ƙalau. Ban san sanda na fita ba ko takalmi.

A asibiti nas ɗin da ta karɓe mu ta tsunkuli fatar cikinta ta saki, fatar ta tsaya a tattare kamar tsumma, ta ƙi komawa. Ta ɗago ta kalle ni tace, baiwar Allah yaushe rabonta da fitsari? Nace tun jiya da dare. Tace me kike ba ta tana sha? Na yi shiru, sannan nace na rage mata ne don zawon ya tsaya. Ba ta ce min komai ba, ta juya ta ƙwala wa likita kira. Sun yi ƙoƙari, wannan zan shaide su ko a gaban Allah. An nemi jijiya a hannu babu, a ƙafa babu, duk sun shafe, sai da aka aske gefen kanta aka samu a nan aka sa ƙarin ruwa. Na zauna ina kallon ɗigon nan yana sauka ɗaya bayan ɗaya, ina lissafa kofunan da na janye mata. Dab da asuba ta cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kwanakin da suka biyo baya ba zan iya ba da labarinsu a jere ba, don ban riƙe su ba. Mutane suna shigowa suna cewa in yi haƙuri, ina amsawa. Abin da na sani shi ne kwana biyu bayan rasuwarta nima cikina ya fara murɗawa, zazzaɓi ya rufe ni, na fara zagayawa ba adadi, in tsuguna in yi ta nishi abin da zai fito bai fi cokali ba, majina da jini. Ban gaya wa kowa ba da farko, kuma gaskiya zan faɗa, a raina na ji kamar hakkinta ne, gara ya tafi da ni nima. Maigida ne ya gane, ya ɗauke ni ba shawara ya kai ni asibiti aka ba ni gado.

A gadon nan na fara sanin abin da ya kashe min 'ya. An karɓi bayan gidana aka kai ɗakin gwaji, bayan 'yan kwanaki sakamako ya fito, likitan yace ƙwayar cuta ce ta bakteriya mai suna Shigella, ita ce ke kawo atuni, wato zawon jini da majina. Yace kusan tabbas daga wajen yarinyar na ɗauka, wajen canza mata famfas da wanke ta, don wannan ƙwayar ba ta buƙatar yawa, guda 10 zuwa 100 sun isa su kwantar da babban mutum, abin da ido ba zai taɓa gani a hannu ba. Daga kashin mai ciwon take zuwa hannu, daga hannu zuwa baki ko abinci ko mazubin ruwan sha, ƙudaje ma suna ɗaukarta. In ta shiga, kwana ɗaya zuwa biyu ta fara aiki, ta kutsa cikin fatar babban hanji ta yi masa miki, shi ne jinin da ake gani.

Nace likita, to ba haƙori ba ne? Yace haƙori ba ya kawo zawon jini, ba ya kawo zawon da zai busar da yaro. Abin da ke faruwa shi ne lokacin fitar haƙori shi ne lokacin da yaro yake rarrafe yana cusa komai a baki, shi ya sa abubuwan biyu suke haɗuwa mutane su ɗora wa haƙori. Na tambaye shi Flagyl ɗin da na ba ta fa, yace wannan maganin wasu ƙwayoyin ne daban irin su amiba, ba ya taɓa Shigella ko kaɗan. Sai na yi tambayar da nake tsoro tun daren, nace da ban hana ta ruwa ba da ta rayu? Ya daɗe bai amsa ba. Yace Hajiya rai na Allah ne, kuma wannan ƙwayar mai tsanani ce ga ƙananan yara ko da ana ba su ruwa, tana buƙatar maganinta na musamman da wuri. Amma ba zan ɓoye miki ba, bushewar jiki ce ta fi saurin kashe yaro mai gudawa, kuma a bushe aka kawo ta. Na gode masa da bai yi min ƙarya ba, duk da maganar ta yi shekara tana cina.

Bayan an sallame ni na shiga wani hali. Ba na barci, sai in ɗauki waya in yi ta karanta duk abin da na samu a kan gudawa har gari ya waye, kamar in na gama sani za a dawo min da ita. A nan na san cewa ƙwayoyin suna da yawa kuma kowacce da halinta. Akwai Salmonella da Campylobacter da suka fi zuwa ta abincin da bai dahu sosai ba, akwai wasu nau'o'in E. coli, akwai kuma Vibrio cholerae mai kawo kwalara, ita ba ta yi wa hanji miki, guba take fitarwa da ke sa hanji ya dinga zubar da ruwa kamar an buɗe famfo, babban mutum ma za ta iya gamawa da shi cikin sa'o'i in ba a mayar masa da ruwan ba. Ita Shigella tun 1897 wani likita ɗan Japan mai suna Kiyoshi Shiga ya gano ta, sunansa aka sa mata. Sama da shekara ɗari kenan ana saninta, ni kuwa sai a kan gawar 'yata na fara jin sunanta.

Amma abin da ya fi sa ni kuka shi ne labarin ruwan gishiri da sukarin nan. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangladesh, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare, sai wani likitan yara mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka dinga haɗa gishiri da sukari a ruwa, 'yan uwan marasa lafiya da kansu suke ba su da kofi. Mace-macen ya sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Dalilin kuwa, ko hanji yana zawo bai daina tsotsa gaba ɗaya ba, sukarin yana jan gishirin ya ratsa cikin jiki, ruwa kuma ya bi gishirin. Kenan abin da nake gani na cewa duk abin da ta sha fita yake, ba gaskiya ba ne, wani yana fita wani yana zama, kuma wanda ke zaman shi ke riƙe rai. An san wannan tun kafin a haife ni, tun kafin a haifi ƙanena. Gishiri da sukari duk suna cikin ɗakin girkina a daren da 'yata take bushewa, taku nawa ne tsakaninmu. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tace har yanzu gudawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 400,000 duk shekara, in na tuna adadin nan sai in ga iyaye mata irina zaune kowacce da kofin da ta janye.

Na yi fama da zuciyata a kan Umma. Wani lokaci in ji haushi, in ce ai daga wajenta na koya, sai kuma in tuna hawayenta ranar nan, ita ma wasu ne suka gaya mata, su ma wasu suka gaya musu, kuma duk cikinsu babu wanda ba ya son yaron ya rayu. Sau da yawa na buɗe baki in gaya mata abin da likita yace sai in fasa, don in na gaya mata na 'yata to na gaya mata na ɗanta kenan, mace ta tsufa da natsuwar cewa ta yi iya ƙoƙarinta, in zo in ƙwace mata. Na yanke shawarar yin shiru. Na yarda da ƙaddara, na yarda kwanan 'yata ne ya ƙare, amma wannan yardar ba ta hana ni sanin cewa akwai sababin da ban riƙa ba, kuma na koyi zama da su biyun a zuciya ɗaya, ba sauƙi.

Sai da na shekara biyu kafin na sake haihuwa, namiji. Na zama wata iri a gidan, har ana cewa na cika tsirfa. Sabulu a bakin bandaki ba ya yankewa, in na wanke masa kashi sai na wanke hannu da sabulu kafin in taɓa komai, ruwan sha in tafasa in rufe, ba mai tsoma kofi a ciki sai dai a tsiyaya. Fo ɗinsa ba ya kwana da komai a ciki, don na gane kashin yaro da muke rainawa muna cewa ba shi da ƙazanta yana ɗauke da ƙwayoyin nan kamar na babba. Fakitin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukarin nan, da ƙwayar zink da ake ba yaro mai gudawa kuwa kullum akwai su a ɗakina, ina duba ranar lalacewarsu kamar mai gadin wani abu.

Duk da haka sai da gudawa ta same shi, yana da shekara 2 da wata 3, kusan shekarun ƙanena. Lokacin Umma ta zo mana kwana biyu. Da naga zawon farko jikina ya mutu, na jingina da bango na kusa minti ɗaya ban motsa ba, komai na daren nan ya dawo min har warin asibitin. Sannan na tashi na wanke hannu, na auna ruwan da na tafasa ya huce lita ɗaya cif, na juye fakiti ɗaya na motsa. Ko babu fakitin na haddace na gida, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, ba a ƙara gishirin don wai ya fi ƙarfi, yawansa illa ne ga yaro. Duk zawon da ya yi sai in ba shi rabin kofi zuwa kofi ɗaya, da cokali, kaɗan kaɗan. Ya yi amai, na jira minti 10 na ci gaba a hankali fiye da da. Na fara masa zink, ban hana shi abinci ba, duk abin da ya karɓa na ba shi.

Umma tana zaune tana kallona, can tace ke 'yar nan, wannan ɗurar da kike masa ai ƙara masa kike, ki bar cikin ya huta mana. Ban taɓa musa wa Umma magana ba a rayuwata, ranar nace Umma ki yafe min, wannan karon ba zan rage masa ko cokali ɗaya ba. Ta kalle ni ta yi shiru.

Da daddare naga majina da ɗigon jini. Maigida ya fara cewa ko mu bari zuwa safe, bai ƙarasa ba ya kalli fuskata ya tashi ya ɗauko makulli. Na tafi da gorar ruwan a hannu ina ba shi a hanya. Nas ta tsunkuli fatar cikinsa ta koma nan take, yana kuka da hawaye shaɓe shaɓe, ban taɓa jin daɗin ganin hawayen yaro ba sai ranar. Likita yace jikinsa bai bushe ba, ba ya buƙatar ƙarin ruwa, amma tunda akwai jini da zazzaɓi sai an ba shi maganin kashe bakteriya, aka ɗauki bayan gidansa don gwaji saboda ƙwayoyin yanzu da yawa sun daina jin wasu magungunan, sakamakon shan su barkatai da muke yi. Ya kuma ja min kunne kar in kuskura in ba shi maganin tsayar da zawo irin na manya, yace toshe hanji alhali ƙwayar tana ciki ƙara ta'azzara ciwon yake, kuma in ƙarasa maganin ko ya warware, zink ɗin ma in kai shi kwana 10 zuwa 14. Muka dawo gida a daren.

Rana ta uku zazzaɓin ya sauka, jinin ya ɗauke. Ni kuma gajiya ta kayar da ni, kwana biyu ban runtsa ba, na kwanta a gefensa nace minti biyar kawai, barci ya kwashe ni. Da na farka a firgice na tarar Umma ta ɗora shi a cinya, kofin yana gefenta, tana ba shi da cokali tana jira ya haɗiye kafin ta ƙara, daidai yadda taga ina yi. Ba ta kalle ni ba tace, wannan ruwan, tun da can ma akwai shi? Na gane wanda take nufi, shekara sama da ashirin ba ta ambace shi a gabana ba. Nace akwai Umma, mu ne dai ba a gaya mana ba. Ta gyaɗa kai, hawaye yana bin kuncinta yana ɗiga a kan rigar yaron, ta sake ɗibo cokali ta kai bakinsa tace sha ɗan albarka, sha.